Hannu Biyu a Bakin Teku

A shekarun da man fetur ya haukata Libreville, kuɗi yawo suke yi a titi suna neman mai ɗauka. Na rantse har karnukan unguwar Batterie IV sun daina kallon ƙashi, sai naman gwangwani. A lokacin ne muka buɗe butik ni da wani abokina ɗan Garwa, dogo siriri, wanda in ya miƙe a cikin shagon sai fanka ta aske masa kai. Kanti a gaba, ɗakin kwananmu a baya, katifa biyu da buta ɗaya. Matarsa da nawa iyalin duk suna gida, mu muka zo nema.

Mai gidan da muke haya wata dattijuwa ce Bagaboniya, 'yar Katolika, kowa Mama yake ce mata. A sashen sama kuma akwai wani Bature malamin sakandare, muna kiransa Mushe, wato Malam da Faransanci. Kullum da safe burodi da sardin, kuma kullum sai ya shaida mana cewa shi bai yarda akwai Allah ba, kamar mai ba da labarin farashin shinkafa. Mu dai mu ce Allah Ya shirye shi, mu miƙa masa burodinsa.

Ranar Lahadi bayan la'asar mukan rufe shago mu gangara bakin teku shan iska. Kuma kamar yadda kowane Bahaushe yake yi da amininsa, hannunmu a haɗe muke tafiya, wani lokaci ɗan ƙaramin yatsa kawai a sarƙe, ana hira ana dariya. Haka na ga ubana yana yi da abokansa a Kano, ban taɓa tunanin abu ne da ake kallo ba.

Ashe Mushe yana kallo. Wata rana ya sauko ya yaba wa Mama, wai ita jaruma ce da ta ba wa maza biyu masu son juna ɗaki ba tare da tsangwama ba. Shi a ganinsa alheri ya yi mana. Mama ta kasa barci kwana uku, ta je ta gaya wa ƙanenta, wanda yake koyar da addini a cocinsu. Shi kuwa ya ce a karɓe makulli kafin ƙarshen mako.

Da rana tsaka aka tara mu a ƙarƙashin mangwaron tsakar gida. Da na fahimci abin da ake nufi, zufa ta karyo min har cikin takalmi. Shagon nan shi ne duk abin da na mallaka, kuma in magana irin wannan ta isa masallacinmu, to ko a unguwar PK8 ba mai ba ni hannu.

Ƙanen Mama ya fara. Ya ce Littafi ya bayyana, namiji da mace Allah Ya haɗa, kuma a cikin aure, duk abin da ya fita daga nan zunubi ne, gidan 'yar'uwarsa ba zai zama mafakar zunubi ba.

Mushe ya cire tabarau ya ce, "Wa suka cuta? Manya ne, sun yarda da juna. Abin da ke bayan ƙofarsu ba naka ba ne, ba na cocinka ba ne."

"To wa ya halicci ƙofar da masu ƙofar?"

"Kafinta ne ya yi ƙofar."

Suka yi ta yi, ɗaya yana jawo aya, ɗaya yana jawo 'yanci, kusan awa guda, ba wanda ya juyo ya tambaye mu ko da sunan garinmu. Abokina ya zunguro ni ya ce da Hausa, "Mutumina, wai mu ake wa wannan shari'ar, ko wasu ne za su zo?"

Na ce, "Alhaji, yi shiru, kai ne amaryar."

Bai yi dariya ba. Ya tashi fuu ya shiga ɗaki, ya fito da hoton matarsa da 'ya'yansa biyar, yana rantsuwa da Faransanci da Fulatanci da Hausa a haɗe. Mushe ya dafa kafaɗarsa cikin tausayi ya ce, "Ba sai ka ɓoye ba, ina tare da kai." Na ga Alhaji yana neman abin da zai rotsa masa a ka, na riƙe shi. Sai na tuna riƙon ne ya jawo mana, na sake shi da sauri.

Duk wannan Mama tana ɓare gyaɗa a faranti. Sai da suka gaji ta ɗago.

Ta ce wa ƙanenta, "Shekara ashirin da biyu na zauna da uban 'ya'yana, bai yarda mu yi auren coci ba har ya mutu. Duk tsawon shekarun nan ban karɓi gurasar tarayya da ake bayarwa a coci ba. Ana tashi a je gaba, ni ina bencin baya ina kallon takalman mutane. Ka manta?"

Ya ce, "Yaya, zunubi zunubi ne."

"Na sani. Ban taɓa cewa nawa ba zunubi ba ne, ba irin Mushe ba ce ni. Amma ba wanda ya karɓe min makullin coci. An bar ni na zauna." Ta juyo gare mu. "'Ya'yana, na yarda da ku, na ga hoto. Ko da ban gani ba, makulli yana wurinku. Ku je ku buɗe shago, mutane na jiran burodi."

Na daɗe ina juya maganar nan. Ni Musulmi ne, abin da addinina ya haramta ban taɓa shakkar haramcinsa ba, a nan kusan bakinmu ɗaya da ƙanen Mama. Amma na ɗanɗana yadda ake ji in an zaunar da mutum ana yanke hukuncinsa a gabansa kamar buhun albasa. Mai tsine mana da mai kare mu, kowannensu ra'ayinsa yake gani, mu ba ya ganinmu. Tsohuwar da ta sha zaman bencin baya ce kaɗai ta dube mu a ido.

Shago ya tsira, mun ƙara shekara tara a cikinsa. Mushe ya zo ya ba da haƙuri, kodayake har ya bar ƙasar ina jin bai gama yarda ba.

Lahadin da ta biyo baya muka gangara bakin teku kamar kullum. Muna tafe ina ba da wani labari, na miƙa hannu ban ma sani ba. Alhaji ya waiga hagu da dama, ya zura hannayensa biyu cikin aljihu. Har muka rabu, ya koma Garwa, bai ƙara fito da su ba.