Kawaicin da Na Yi a Kan Ɗan Farina

A lokacin ni mace ce da ake kwatance da ita a ƙauyenmu na ƙasar Tsafe wajen alkunya. Shekara talatin ban taɓa faɗin sunan ɗan farina ba, ko ciwo yake ba na tambayarsa ya jiki a gaban mutane. Ina jin daɗin yabon, ba zan ɓoye muku ba.

Da ciwon kai ya matsa masa, likitan Gusau ya ce yana zargin ƙari ne a ƙwaƙwalwa, sai an ɗauki hoto. Matarsa ta tafi wankan gida, don haka ni kaɗai na san sau biyu ya faɗi bayan rumbu yana karkarwa. Kafin a shigar da shi na'urar ɗaukar hoton, likita ya tambaya ko ya taɓa faɗuwa irin ta farfaɗiya. Shi yaron bai san abin da ke samunsa ba. Ƙanin babansa ya ce a'a, ni kuwa na sunkuyar da kai, wai kar a ce na damu da ɗan fari. Ana yi masa allurar da ke fito da hoton ya fara jijjiga cikin na'ura, da ƙyar aka ciro shi. Hoto ya lalace, kuma ba a yin aiki sai da shi. Wallahi ranar na tsani kaina.

Da safe na je ofishin likitan, dangin mijina na zaune a bakin ƙofa. Na ambaci sunan yarona da ƙarfi har wata gwaggonsa ta riƙe baki, na zayyana ranakun da ya faɗi da yadda yake yi. Likita bai yi mini faɗa ba. Ya ce da ya sani da ya riga ciwon. Ya ɗora yaron kan ƙwayoyin hana faɗuwa, ni nake ba shi da hannuna safe da yamma. Ranar da muka koma aka ƙara masa wani magani kafin allurar. Ya shiga ya fito lafiya, hoto tar. Da shi aka tura mu babban asibiti aka cire ƙarin, bana ɗan nawa ne ya nome mana gero.

'Yan'uwana mata, kunya ado ce, amma ba a gaban likita ba. Abin da kika gani ki faɗa, ko surukanki goma ne a wurin. Har yau ana cewa na zubar da kara. Su yi ta faɗa, ɗana na raye.