Ƙaurin Ƙanzo a Kofin Bature

A shekarun da kuɗin mai ya buɗe, jiragen ruwa suka yi cincirindo a gaɓar Legas da kaya iri-iri, sai hukumarmu ta kwastam ta tura mu Landan koyon tantance abin da ake shigowa da shi. Ni da wani abokin aikina ɗan Filato, Kirista, muka kama ɗaki ɗaya a Barking. Kwas ya yi ta tafiya lafiya har muka iso darasin barasa.

Aka kai mu wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa a Marylebone, wurin wani dattijon Bature da ya tsufa a wannan aiki. Ya jera kofuna masu tsukakken baki. Ya ce ɗaya daga ciki wiski ne na ainihi, wanda ake yi da hatsin rai, wani ɗan'uwan alkama da ke fitowa a ƙasashen sanyi. Sauran jabu ne, an rina su da ƙonannen sukari. Duk wanda ya kasa fitar da na ainihin, babu takardar shaida, sai ya koma gida haka nan.

Abokina ya raɗa mini, "Malam, ka ɗan taɓa da harshe ka tofar mana. Wa zai gan ka a wannan rami?"

Na ce, "Wanda nake yi wa salla."

"To, sai ka yi booking ɗin jirgi tun yau."

Na tattara ɗan Turancina na gaya wa dattijon cewa ba na sha, ba na ma ɗauka, don malamanmu sun tsawatar har ga mai ɗaukarta. Na zaci zai nuna mini ƙofa. Sai ya tambaye ni ko na ga ya kurɓa tun shigowarmu. Na tuna, ban gani ba. Ya ce yawancin aikin na hanci ne. Na maida hannuwana baya, shi ya ɗiga ruwa a kowane kofi, ya riƙa miƙo mini su da hannunsa, ya ce in shaƙa a hankali.

Na farko yaji ne kawai, irin na ɗakin allura. Na biyu zaƙi ya yi kamar alewa, bayansa kuma wayam. Da ya kawo na uku, sai abin ya fara buɗewa hawa-hawa. Masoro ya fara zuwa, kanumfari ya biyo. Can ƙasa kuma sai ga tukunyar tuwon dawar kakata a Zariya, daidai lokacin da wuta ta kama gindinta. Ban san sa'ad da na ce, "Ƙauri!" ba.

Dattijon ya dubi abokina. Shi kuwa, don ya taimake ni, ya fassara masa cewa na ce abin ya ƙone. Fuskar dattijon ta sauya, ya fara janye kofin, don a wurinsa na kira shi na ƙonannen sukari ke nan, wato jabu.

Na ce, "Haba ɗan'uwa, za ka kashe ni! Ƙaurin ƙanzo nake nufi."

"To ƙanzo kuma me zan ce masa da Turanci?"

Da baki da hannu muka yi ta fama. Na kwatanta masa ɓawon tuwo da ke mannewa a gindin tukunya, wanda wutar itace ta gasa ba ta ɓata ba, yara har faɗa suke a kansa. Na ce hatsi nake ji, da itacen da wuta ta lasa, sukari ba ya yin haka. Wannan ne na ainihin.

Dattijon ya kai kofin hancinsa ya daɗe. Sannan ya ce lalle ana babbaka cikin gangar itacen da ake ajiye wiskin kafin a zuba shi, a can hayin teku, kuma gangar wannan, bisa shekarun da ya ambata, an babbake ta ne tun ina makarantar allo.

Wutar da ta mutu shekaru da shekaru, a ƙasar da ban taɓa takawa ba, ga ta a ɓoye cikin ruwa, kuma Allah Ya sanya wa 'yar tsokar nan ta fuskata ikon gano ta. Na yi tasbihi a zuciyata, ga Wanda Ya haramta mini abin, bai kuma hana ni sanin hikimar da ke cikin hatsinsa da itacensa ba.

Dattijon ya sa na maimaita masa kalmar ƙanzo, ya gwada, ƙa ɗin ta ƙi fita daga maƙogwaronsa. Ya yi dariya ya haƙura, ya ce na ci jarrabawar.