Shingen Aguwar Kawuna

Duk sanda na ji manyanmu suna ɗaga jijiyar wuya a rediyo kan ƙasar kakanni, tsaki nake ja. Na san wani yanki na iyakar da suke rantsuwa da ita, na kuma san wanda ya shata shi. Kawuna ne, mutumin da ko gaisuwa sai ya mayar da ita rigima.

Fataucin fata nake yi a Damagaram a shekarun da Nasara ke shirin tafiya. Mahaifiyata kuwa ta koma ƙauyensu can kudu bayan rasuwar babanmu, burinta ɗaya, a binne ta kusa da iyayenta. A ƙauyen nan ƙannenta biyu sun daɗe da ɓatawa kan gonar gado. Babbansu, wato kawun nan nawa, ya sari rassan aguwa ya dasa shinge a tsakiyar gonar, a karkace, don wata tsamiya ta faɗo ɓangarensa.

Da kumandan Faransi mai mulkin yankin ya aiko a sabunta alamun iyaka, ma'aikatansa suka tarar yashi ya cinye turakun dā. Rana ta take, ga shinge a tsaye. Suka bi shi suna kafa duwatsu, suka sha fura suka tafi. Gidaje suka faɗo ƙasar Faransi, rijiya da maƙabarta suka faɗa ta Ingilishi. Ba wanda ya damu, mata na wucewa da tuluna ta kafar da awaki suka ɓarka.

Sai aka samu mulkin kai, kowace gwamnati ta ce ɗayar ta ci mata iyaka. Aka turo masu bindiga gadin aguwa, aka toshe kafar da ƙaya.

A daminar shekarar nan mahaifiyata ta rasu. Muka ɗauko makara har bakin shinge, wani jandarma ya tare mu.

"Kai, ina za ku?"

Na ce, "Ga maƙabarta can, kana ganinta."

"Can ƙasar waje ce. Daga sama aka hana."

Liman ya roƙi sojan can gefe, shi kuma ya ce ba ya karɓar gawar baƙi. Baƙuwa, matar da aka binne cibiyarta a garin! Har yau raina na ɓaci in na tuna.

Muka juyo da ita bayan gida, kusa da inda ake zubar da toka. Kawuna ne ya karɓi dagi, yana haƙa yana kuka. Ban ce masa sannu ba.