Malama Hadija, Wadda Ta Hana Mu Zaman Makoki

Kullum da hantsi Malama Hadija kan fito da kujerarta ƙofar gida a unguwarmu ta New Bell, da tabarau da wani tsohon ƙamus da bangonsa ya yage. Shekara talatin ta yi tana koyar da Ingilishi kafin ta yi ritaya. Mu kuwa Faransanci muka karanta, don haka duk takardar Ingilishi wurinta ake kaiwa.

Abin da ya daɗe yana ba ni mamaki, ba ta fassara kalma ita kaɗai. Sai ta nemo 'yar'uwarta ta jera su, ta ce, "Me ya sa mai rubutun ya ɗauki wannan ya bar waccan?" Na sha yi mata tsiya cewa ta cika jan magana.

Bara ne guguwa ta kifar da jirgin kamun kifin da maƙwabcinmu Yusufa ke aiki a ciki, can wajen garin Limbe, a bakin teku. Masu jirgin suka aiko da takarda. Wani ya sa waya ta fassara, ya ce teku ta ci Yusufa. Kafin azahar an shimfiɗa tabarmi, mata sun kewaye matarsa Zaituna za ta shiga takaba.

Malama ta karanta takardar sau biyu, ta ce, "Ku dakata. Missing suka rubuta, ba lost ba. A bakin mutanen teku, in an ce lost an fid da rai ke nan. Missing kuwa ba a gan shi ba ne, ana kan nema."

Baffan Yusufa ya ce, "Madam, ke nan yana da rai?"

"Ban ce ba, Baffa. Takarda ba ta faɗa ba, ni ma ba zan ƙara mata ba. Amma ba ta ce ya mutu ba."

Aka naɗe tabarmi, wasu na gunaguni. Kwana tara Malama tana buga waya Limbe safe da yamma. Ni kaina na fid da rai, ba zan ɓoye ba. Rana ta goma aka shaida mata cewa masunta sun tsamo mutum biyu, suna kwance a asibitin wani ƙauye. Ɗayansu Yusufa ne.

Malama, ke ce ba ki yi mana ƙarya don ki sanyaya mana rai ba. Mun gode, Allah ya ƙara miki lafiya. Mu kuma masu karanta wa jama'a takarda, mu koyi tsayawa inda takarda ta tsaya. Ba don ke ba, da Yusufa ya dawo ya tarar da matarsa tana yi masa takaba.