Malamin Yaya na Cikin Waya

Yayana mai wankin kwalabe ne a ɗakin gwaje-gwaje na wata makarantar sakandare. Tun ban yi aure ba yake can. Na yi auren, na hayayyafa, Allah ya karɓi maigidana, na dawo ɗakin da ke bayan gidan Yaya, shi kuwa yana nan da farar rigarsa mai dafewar wuya. Hannunsa kullum warin sabulu yake da wani abu kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Makullin kabad ɗin sinadarai yana wurinsa, kuma duk duniya ba abin da yake taƙama da shi kamar wannan.

Sai aka kawo sabon shugaba. Ya ce mai riƙe da makullin nan dole ya zauna jarrabawar kemistiri bayan hutu, in ya faɗi a mai da shi gadi bakin ƙofa. Yaya ya san kwalbar da ke ƙona yatsa, ya san wadda ba a buɗewa kusa da wuta, amma bai taɓa tambayar dalili ba. Malamar kemistiri ta tausaya masa, ta karɓi wayarsa ta daddanna.

"Baba, intanet cike take da darussa kyauta," in ji ta. "Ga wani malami nan, da Hausa ma yake yi."

To shi Yaya karatun gaban malam kaɗai ya sani. Da la'asar sai ya sa hula, ya shimfiɗa tabarma, ya ɗora wayar kan matashi don kada malam ya zauna ƙasa da shi, ya tanƙwashe ƙafa. Ba a ganin fuskar malamin. Farin allo ne da ƙwallaye suna zagaya juna, sai murya mai sanyi wadda ba ta tari, ba ta gyaran murya.

Idan abu ya wuce shi sai ya yi ta zufa. Matarsa ta leƙo daga kicin ta ce, "Ka danna ya tsaya mana, ka mayar baya."

"Malam na magana in katse shi? Ke a ina aka yi miki tarbiyya?"

"A gidan da ba a gaida waya."

Sai darasi ya ƙare yake cewa, "A gafarta malam, a maimaita," ya sake daga farko. Ba ya wuce darasi sai ya haddace shi, ya zo ƙofar ɗakina ya biya mini. Wai komai ƙwayoyin zarra ne, har buta, har ni, kuma cikin kowace ƙwaya yawanci fili ne fayau. Ni a Alƙur'ani na san zarra. Na shafa butar, na ji ta da ƙwari yadda na saba, na ce Allah ne masani.

Wata rana malam ya rufe da cewa darasi na gaba shi ne asid. Yaya ya yi murna, don asid abokin aikinsa ne. Ya duba, babu na gaba. Washegari babu, mako ya zagayo babu. A ƙasa ga wasu malamai jere, kowa da hotonsa, har da masu asid ɗin. Na ce, "Yaya, ko za ka taɓa ɗaya?"

"Ba a barin malami ba sallama, ƙanwata. Karatun ba ya albarka."

Ya riƙa rubuta gaisuwa a ƙarƙashin bidiyon, yana tambayar ko jiki ne, ko iyali. Shiru. Ya ce in sa malam a addu'a, na kuwa sa shi, bayan maigidana da iyayenmu.

Hutu ya kusa ƙarewa malamar kemistiri ta biyo ta ga inda aka kwana. Ya ba ta labari. Ta kara wayar a kunne, ta saurara kaɗan, ta dube shi kamar za ta yi kuka.

"Baba, wannan fa ba mutum ba ne. Na'ura ce ke karanta rubutu. Ni ma ban lura ba da na ba ka."

Matarsa ta yi dariya har ta zauna kan turmi. "Sannu ɗalibin inji! A gaida malam da caji!"

Yaya bai kula ta ba. "To wa ya rubuta abin da take karantawa?"

"Wani dai. Ko kuma wata na'urar."

"Abin da na haddace fa, ƙarya ne?"

"A'a, daidai ne."

Nan kaina ya ɗaure gaba ɗaya. Karatu daidai, malami babu. Addu'ar da na yi ta yi kuwa, har yau ban san wa ta samu ba.

'Yan kwanakin da suka rage ya buɗe sauran malaman. Wata da Turanci take zubawa kamar ana korar ta. Wani ya fara daga inda Yaya bai kai ba. Wani ya zana abu ɗaya daban da na wancan. Yana tsakiyar sauraro sai talla ta faɗo, ya zaci cikin darasin ne. Ya rasa na kamawa, ya tafi jarrabawa a haka.

Ran da sakamako ya fito ya dawo ya zauna bakin rijiya bai cire takalmi ba. Shugaba ya ce a rabin farko na jarrabawar ko malamar ba za ta fi shi ba, rabin ƙarshe kuwa farar takarda ya miƙa. Ba a kai shi gadi ba. Amma an karɓe makullin an ba malamar.

Matarsa ta ce, "To ka ci ne ko ka faɗi?"

"Haka na tambayi shugaba."

"Ya ce me?"

"Ya ce in je in wanke kwalabe."

Yanzu da safe yakan riga kowa isa, ya share ɗakin, ya jera kwalaben, ya tsaya gefen kabad hannu a baya har malamar ta zo ta buɗe.