Tunkiyar da Na Hana a Yanka

Har gobe in baƙo ya shigo unguwarmu yana neman gidanmu, ba da mijina ake yi masa kwatance ba. Cewa ake yi ya je gidan matar nan da ta yi wa tunkiya kuka. Ana kawo mini labari, ni kuwa ba na musu. Kuka na yi shi, kuma ba a ƙuryar ɗaki na ɓuya na yi ba.

Ƙauyenmu yana kan hanyar Doguwa in ka baro Tudun Wada. Tunkiyar ta zo hannuna ne a shekarar da muka aurar da autata aka kai ta Bebeji. 'Ya'ya duk sun watse, gida ya rage daga ni sai mijina, wanda nake ce wa Malam, sai mahaifiyarsa Inna, wadda komai nata ya tsufa ban da bakinta. Malam in ya fita gona da sassafe sai azahar, yana cin abinci kuma ya nufi dandali. Ni da Inna hirarmu ba ta wuce gishiri ya ji a miya ko bai ji ba. Shirun gidan ya dame ni ƙwarai, amma ban gaya wa kowa ba, don ba abin da ake kai ƙara ba ne.

Akwai wata Bafulatana daga rugagen wajen Falgore da ke kawo mana nono. Wata rana ta shigo da wani abu a naɗe cikin zani, ta sauke a gabana. 'Yar tunkiya ce, gabanta baƙi, bayanta fari, ko tsayuwa ba ta iya yi sosai. Uwarta ta mutu wajen haihuwa.

"Ga ta nan," in ji ta. "In ta rayu taki ce. In ta mutu kada ki ce na cuce ki."

Na nemo fidar jarirai na riƙa ɗura mata madara mai ɗumi. A bakin ƙofar ɗakina take kwana a kan tsohon buhu. Inna ta dube mu ta taɓe baki ta ce, "An aurar da 'ya an ɗauko tunkiya ana goyo. To, Allah ya raya." Daga wannan gatsen aka fara ce mata autar gida, sunan kuma ya bi ta.

Ta rayu, ta girma, ta yi ƙiba, ta kuma yi rashin kunya. Ba ta yarda ita dabba ce ba. In an kora awakin maƙwabta kiwo, sai ta tsaya tana kallonsu kamar ba danginta ba. Ni take bi. In na tafi rijiya tana bayana, in na shiga wanka tana bakin ƙofa tana kira. In ina salla sai ta kwanta gefen tabarma, ina sallamewa ta ɗora kanta a cinyata. Dusa da harawa tana ci don dole, amma abin da take so shi ne ƙanzon tukunyar tuwo in an jiƙa shi. Ta taɓa cinye wa Inna goro har da ganyen da aka naɗe shi, Inna ta yi ta tsine mata har rana ta faɗi. Bayan haka kuma ni da idona na sha ganin Inna tana miƙa mata ɓawon rogo in ta zaci ba na kallo.

Kada wani ya ɗauka ni ba na cin nama ko ban san me aka halicci dabba dominsa ba. Ragon da ta haifa na fari, da shi aka raɗa wa jikana suna, ni na soya naman, na ci har na suɗe hannu. Wancan rago ne, ita kuwa ita ce.

Cikin bazara ta fara ramewa. Ta daina tuƙa, gashinta ya tashi, ƙashin bayanta ya fito, cikinta kuwa ya yi tauri kamar an cusa tsumma. Na ba ta kanwa, na ɗura mata man gyaɗa, ba abin da ya sauya. Malam ya ɗauko likitan dabbobi daga Tudun Wada a kan babur. Likitan ya matsa cikin nan da can, ya ce leda ce. Ledojin da iska ke kwasowa daga bakin titi ta yi ta ci, sun dunƙule sun toshe tumbi. Sai dai a farka cikin a fitar, kuma yadda ta galabaita ba za ta tashi daga aikin ba. Yana wanke hannu ya ce wa Malam, ba ni ba, "Gara a yanka tun da sauran nama a jikinta."

A wajenmu dabba ba ta mutuwa da kanta in dai da mutum a kusa. Da an ga ta fara shure-shure sai a ruga a ɗauko wuƙa. In mace ce kaɗai a gida, sai ta leƙa waje ta ƙwala wa kowane namiji kira. In wuƙa ta riga mutuwa, an samu nama. In mutuwa ta riga wuƙa, ta zama mushe, sai a ɗaura mata igiya a ƙafa a ja ta zuwa juji, ungulu da karnuka su ƙarasa. Hanya biyu ke nan, ba ta uku. Da haka na tashi a gidanmu a Kiru, kuma ban taɓa ganin laifin abin ba sai da ya zo kan tawa.

Ranar da ta kasa tashi, bayan azahar, ina zaune da ita a inuwar rumbu sai na ji ƙarar wuƙa a kan dutse. Malam ne ke wasawa. Ya zo ya tsaya a kaina.

"Matsa," ya ce. "Kin dai ga halin da take ciki."

"Na gani, Malam. Ba za a yanka ta ba."

Ya yi tsaye kamar bai ji da kyau ba. Inna ce ta ji, daga ɗakinta. Ta fito tana dogara sanda.

"Ke 'yar nan, kin san abin da bakinki ke faɗa? Halak ɗin Allah za ki bari ya zama mushe kina kallo? A gidan ɗana za a yi wannan almubazzarancin?"

"Inna, ki yi haƙuri," na ce. "Tunkiyar tawa ce. Ni aka ba, ni na shayar da ita."

"Taki ce, amma hankalin ai na kowa ne! Ga gidaje nan yara sun manta rabon su da nama."

Ban taɓa ɗaga wa Inna murya ba tun da aka kawo ni gidan, ranar ma ban ɗaga ba. Amma ban matsa ba. Malam ya tsuguna, ya sassauta murya.

"Wahala take sha. Wuƙar nan hutu ce gare ta."

Wannan maganar ta shige ni, kuma har yau ba ta gama fita ba. Gaskiya ya faɗa. Sai dai shi aikinsa yana ƙarewa ne a kan wuƙa. Na tambaye shi, "In ka yanka, wa zai wanke hanjin? Wa zai soya? A robar da nake dama mata dusa zan zuba kayan cikinta?"

"To a raba wa maƙwabta, ba sai kin taɓa ba."

"In zauna a nan ƙamshin suyarta yana shigo mini ta katanga? Kuma kafin nan wa zai danne maka ita? Ka san ba ta yarda da hannun kowa sai nawa. Ni zan kira ta, ta miƙo wuya don ta ji muryata. Wallahi ba zan yi ba."

Ya miƙe, ya soke wuƙar a jikin danga, ya fice ko takalmi bai saka daidai ba. Inna ta yi ta faɗa har ta gaji ta koma ɗaki. Na sani sarai zai iya ture ni ya yi abin da ya ga dama, ba wanda zai ce ya yi laifi. Bai yi ba.

Na zauna da kanta a cinyata ina jiƙa mata baki da ruwa. Ta sha wuya, ba zan ɓoye ba, kuma duk numfashin da ta ja sai na dubi wuƙar nan a jikin danga. Da la'asar sakaliya ta miƙe ƙafafu ta yi shiru. A nan na fasa kuka, irin wanda ake ji har gida na uku.

Ban gama ba na ji Inna tana cewa a nemo igiya a ja mushen nan kafin ya fara wari. Na share fuska, na tashi na ɗauko diga. A bayan rumbu na fara haƙa. Ƙasar bazara ce, in ka sara sai digar ta dawo maka. Na riƙa zuba ruwa ina sara, hannuna ya yi bororo ya fashe. Inna tana daga bakin ƙofa tana salati, wai yau ta ga mace tana gina kabarin tunkiya.

Ina cikin haka Malam ya dawo. Ya tsaya ya dubi ramin, ya dube ni.

"Bai yi zurfi ba," ya ce. "Karnuka za su tone."

Ya karɓi digar ya ƙarasa. Muka sa ta a buhun da take kwana a kai, muka rufe, ya ɗora dutse. Ban yi mata likkafani ba, ban yi mata salla ba, na san addinina, ban kuma ce mutum ce ba. Na dai ce ungulu ba za ta ci ta ba. Malam ya kwana biyu ba ya yi mini magana in ban da gaisuwa, na bar shi da fushinsa, don yana da hakkin yin sa.

Washegari da hantsi labari ya gama unguwa. Ina tsakar gida na kankare ƙanzo na zuba masa ruwa, sai da na juya zan kira ta na tuna. Ina riƙe da kwanon sai ga sallama. Facalata ce, matar ƙanin Malam, wadda ba ta da aiki sai tsokana, da mata uku a bayanta. Sun yafa mayafai sun rufe rabin fuska, suna ƙunshe dariya.

"Mun ji abin da ya faru," in ji facalar, tana langaɓe kai. "Mun zo ta'aziyya. Ashe autar gida lokaci ya yi?"

Na san abin da suke jira. Ko in yi dariya in ce shirme ne ya kama ni jiya, ko in hau su da zagi su samu na bayarwa a rijiya. Na ajiye kwanon. Na shiga ɗaki na ɗauko sabuwar tabarma, wadda nake shimfiɗa wa manyan baƙi, na shimfiɗa a inuwa. Na kawo ruwa a kwanon sha na dire a gabansu. Na ja mayafina na zauna a gefe na sunkuyar da kai.

"Sannunku da zuwa," na ce. "Lokaci ya yi. Na gode da kuka tako."

Suka zauna, don ba yadda za su yi. Wata ta ce, "Ya haƙuri?" da sauran dariya a muryarta. Na ce, "Haƙuri da godiya." Hawaye suka zubo, ban share ba, na bar su suna kallo. Na gaya musu yadda aka kawo ta cikin zani, da yadda take jirana in sallame salla, da goron Inna. Na ce ina kewar ta, gidan ya koma shirun da na tarar kafin ta zo, kuma duk wadda ta ga abin dariya ne ta yi, ga tabarma nan.

Ba wadda ta yi. Babbar cikinsu, wadda ita ma 'ya'yanta duk sun bar gida, ta daɗe tana kallon kwanon ƙanzon nan. Can ta janye mayafin daga fuskarta ta ce a hankali, "Allah ya ba ki haƙuri."

Na ce amin da ƙarfi, yadda Inna za ta ji daga ɗaki, Malam ma, da bai fita gona ba ranar, ya ji daga zaure.