Barka da Juma'ar Alhaji Sabo

Har gobe ba zan manta da Juma'ar da gaisuwa ta cinye mana kwangila ba. Lokacin ina sakatariya a kamfanin gine-ginen Alhaji Sabo, ofis kuwa cikin gidansa yake, a Nassarawa GRA. Ni da sai da na aurar da 'yata sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci, ni ya ɗora wa haɗa sabar imel, wato kwamfutar da ke karɓa da aika wasiƙun kamfani. Wai ba ya son sirrinsa a hannun bare. Na koya da ƙyar, ina bin bidiyo har ido na ruwa. Na kafa ta a ɗakin baya, na haɗa mata batir saboda wutarmu.

Haɗawa ba ita ce wahalar ba, samun yarda ne. Manyan kamfanonin imel ba sa amincewa da baƙuwar saba sai ta daɗe tana aika saƙo kaɗan-kaɗan. Watanni na yi ina lallaɓa ta kamar jinjiri.

Sai Alhaji ya ji ana iya gaida jama'a da turawa ɗaya.

"Malama Hadiza, duk wanda muka taɓa hulɗa da shi, a tura masa Barka da Juma'a. Da hoton masallaci."

"Ranka ya daɗe, kamfanonin imel za su ɗauke mu 'yan talla, su toshe mu."

"Gaisuwar ce talla? Ke da boko ya sama da girma, kin fi masu shi zafi."

"Da girman nawa nake gaya maka."

Na tura. Gidansa ne, sabarsa ce. Haka muka yi ta yi kowane mako.

Ranar da za a rufe karɓar takardun wata kwangilar ajujuwa, ƙarfe sha biyu, ta faɗo Juma'a. Gaisuwa ta fita da safe. Takardunmu suka bi baya, suka dawo: an toshe mu. Rifkatu, akawunmu 'yar Wusasa, ta ce mu tura ta nata imel ɗin, amma ƙa'ida ta ce sai daga adireshin kamfani. Muna ta fama har aka kira salla, lokaci ya wuce. Maginanmu na unguwar Gama da ke jiran aikin, ni na fita na gaya musu an rasa.

Alhaji ya dawo daga masallaci ya saurare ni, ya ce, "Ba rabonmu ba ne." Sai ya ƙara da cewa, "Amma gaisuwar ta isa ko?"

Na koma kujerata. Na gaji.

Ku masu tasowa, ku riƙe wannan: ana iya kare saba daga ɓarayi, ana iya kare ta daga ɗaukewar wuta. Daga kirkin mai ita ne ban san maganin ba.